Ƙofar garaji ta ƙi buɗewa, moter yana gurnani amma ba ya ja

Baban Nana, Yantala:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙarfe da na wuta game da matsalar da ta same ni tun ranar Litinin. Ƙofar garajin gidana ta ƙarfe ce, irin wadda take zamewa gefe a kan tayoyi biyu bisa dogon ƙarfen da aka kafa cikin siminti. Tsawonta mita 4 ne, kuma shekara 3 ke nan da aka sa mata moter mai aiki da telekomand. Tun wajen tsakiyar hunturu na lura tana jan ƙafa idan ta kai rabi, amma da yake tana ƙarasawa, ban ɗauki abin da muhimmanci ba.

Ranar Litinin da rana tsaka na danna, fitilar da ke kan ginshiƙi ta kama walƙiya, moter ya yi gurnani na ɗan lokaci, ƙofar ta girgiza, sannan komai ya yi tsit. Washegari da asuba ta buɗe sau ɗaya da ƙyar. Yau kuwa ta ƙi ƙememe, mota tana ciki, sai taksi na ɗaukar wa yara zuwa lakkol. Na canja pil ɗin telekomand, ba abin da ya sauya. Wani yaro da ya zo ya duba ya ce moter ya ƙone, sai dai a sayi sabo. Kafin in kashe kuɗi masu yawa haka, mene ne ya kamata in fara dubawa?

Mai walda, Katako:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ku sayi komai tukuna, domin moter da ya ƙone ƙurmus ba ya buɗe ƙofa da asuba, kuma yawanci za ku ji warin ƙonanniyar waya tun kafin a ɗaga murfinsa. Abu na farko shi ne ku kashe wutar da ke zuwa wa ƙofar, ku nemo ɗan mabuɗin nan da aka ba ku ranar da aka ɗaura moter, ku buɗe ƴar ƙofar da ke jikinsa, wadda take raba shi da haƙoran ƙofa. Daga nan sai ku tura ƙofar da hannu tun daga farko har ƙarshe. Ƙofar da take da lafiya, ko da nauyinta ya kai kilo 300, mutum ɗaya yana tura ta ba tare da ya sa kafaɗa ba. Idan ta tafi salin alin, to laifin yana wajen wuta, ba aikina ba ne. Idan kuwa sai kun yi nishi, ko ta cije a wani wuri, to moter ba shi da laifi, an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ne kawai.

Abin da kuka faɗa na jan ƙafa tun hunturu shi ya sa nake zargin ƙasa. A nan Yamai rairayi ne babban abokin gabar irin waɗannan ƙofofi, kuma abin da yake ƙara ɓata lamarin shi ne masu gadi da yawa, da kyakkyawar niyya, suna shafa giris ko baƙin mai a kan dogon ƙarfen. Man yana kama ƙura, ya zama wani irin taɓo mai tauri, ya cika ramin taya, har taya ta daina juyawa ta koma jan ciki. Na sha cire taya in tarar gefe ɗaya ya cinye ya zama shafaffe kamar an goge shi da dutsen niƙa. Dogon ƙarfe tsintsiya yake so da busasshen tsumma, ba mai ba.

Ku kuma durƙusa ku dubi wurin da ƙaramin gargaren moter yake haɗuwa da haƙoran da ke jikin ƙofar. Ya kamata a sami ɗan sarari tsakaninsu, kamar milimita 1 zuwa 2. Idan tayoyin sun cinye, ko simintin ya ɗan nutse a daminar bara, ƙofar takan sauka ta zauna da dukan nauyinta a kan gargaren, alhali aikinsa turawa ne, ba ɗauka ba.

Mai gyaran wuta, Tawa:

Barka da rana, Alhaji. Na yarda da ɗan'uwana na Katako cewa gwajin hannu shi ne farko, amma ina ganin ko da an share dogon ƙarfen tas, matsalarku ba za ta ƙare a nan ba. Tunda fitila tana kamawa kuma moter yana gurnani, telekomand ya isar da saƙonsa, fis bai tsinke ba, wuta kuma tana shiga. Saboda haka ku ajiye maganar pil gefe guda.

Yawancin moter masu aiki da volt 220 suna da wani abu da muke kira kondansater, ɗan gwangwani ne fari ko toka-toka mai wayoyi biyu, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa da rabi ba. Shi ne yake ba moter ƙarfin tashi da juyawa. Zafi yana cin sa a hankali, kuma kun san yadda bazara take a ƙasar nan, inda a watan Afrilu zafi yake wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin da rana take duka tun hantsi. Idan ya raunana, alamarsa ita ce daidai abin da kuka bayyana: moter ya yi ta gurnani ba ya juyawa, ya ɗauki zafi, sai abin kariyar da ke cikinsa ya yanke wuta har ya huce. Wannan ne ma zai iya zama dalilin da ya sa ta buɗe da sanyin asuba ta ƙi da rana.

Akwai gwaji mai sauƙi. Bayan kun raba moter da ƙofa, ku mayar da wuta ku danna, ku saurara. Idan kuka ji yana juyawa sumul ba kaya, amma da an haɗa shi da ƙofa sai ya kasa, to kondansater ne mafi kusa da zargi. Sai dai ina roƙonku kada ku sa hannu ku cire shi da kanku, domin yana iya riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe kuran. Ku kira mai gyara ya auna shi, kuma idan za a sayi sabo, a duba lambar mikrofarad, wato ma'aunin ƙarfinsa, da ke rubuce a jikin tsohon a sayi daidai ita. Wasu suna sa wanda ya fi girma wai don ƙofa ta ƙara ƙarfi, ƙarshenta su dafa wayoyin moter.

A sa shi ya auna ƙarfin wutar gidan ma a lokacin da ake kunna na'urorin sanyaya ɗaki, domin idan ta faɗi ƙasa da volt 200 sosai, moter mai lafiya ma yakan yi kasala. Idan ya buɗe akwatin kuma, ya duba bayan allon wayoyin da kyau. A nan Tawa na taɓa tarar da tsaka ta bushe a manne da allo, ta haɗa wayoyi biyu da jikinta, mai gidan kuwa har ya riga ya aika Yamai a sayo masa sabon moter.

Maman Sani, Lazare:

Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. Tamu ta taɓa yin gardama, ashe ƙura ce ta rufe ƙananan idanun nan biyu masu gane abin da ya tare hanyar ƙofa, da ke fuskantar juna a gindin ginshiƙai, da aka goge su da tsumma sai ta koma aiki. Ku gwada, ba ya cin ko dala. Kuma idan kun samo mabuɗin, kada ku ajiye shi cikin mota kamar yadda maigidana ya yi, domin ranar da aka ɗauke wuta yana can wajen aiki da motar, mu kuma muna nan da baƙi da tasu motar a kulle cikin gida.

Mai gyaran wuta, Tawa:

Hajiya, goge idanun yana da kyau, amma a yawancin yadda ake haɗa su, rufewa suke hanawa don kada ƙofa ta matse yaro ko mota, ba buɗewa ba. Idan su ne suka hana, moter ba ya ma yin gurnani. Ina kyautata zaton taku a buɗe ta tsaya.

Baban Nana, Yantala:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Mabuɗin ya ba mu wahala kafin a gan shi cikin wata tsohuwar jakar takardu. Da na tura ƙofar, sai da mai gadi ya kama mini kafin ta wuce rabi, kuma ya amsa da bakinsa cewa tun watan Disamba yake zuba mata baƙin mai duk Juma'a. Mun kankare kusan cikin kwano na baƙin taɓo, muka tarar tayar baya ba ta juyawa sam. An canja tayoyin biyu, ƙofar ta ɗaga daga kan gargaren, yanzu da hannu ɗaya nake tura ta.

Duk da haka moter ya ci gaba da gurnani, sai da mai gyara ya zo jiya da yamma. Kondansater ɗin an rubuta 16 a jikinsa, amma da aka auna bai kai 6 ba, kansa ma ya kumbura. An sa sabo mai lamba iri ɗaya, ƙofa ta buɗe nan take. Tsaka ba mu gani ba, sai tururuwa da suka fara gini a kusurwar akwatin, an share su an toshe ramin da waya take shiga. Malam na Katako, ina so a yi wa moter ƴar rumfar kwano saboda rana. Idan kuna da sarari ranar Asabar, sai in turo yaro ya kawo ku ku auna wurin.