Yaya zan yi da yammacin Kirsimeti ni kaɗai?

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina neman shawara. Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, yaran kuma sun watse, ɗaya na Legas, ɗaya na Ingila. Ni kaɗai ce a gidanmu a Kaduna.

Safiyar 25 ga Disamba ba ta ba ni wahala. Nakan ɗaura ankon zumuntar mata, in tafi sujada, mu yi waƙa har murya ta dushe. Da na dawo na tura ƙofa sai shiru ya tare ni. Bara na dafa shinkafa da kaza cike da tukunya, hannu ya saba da awon mutum shida, na aika wa maƙwabtana Musulmi nasu kamar kullum, sannan na zauna gaban kwanona na kasa kai loma.

Na san Matiyu 1:23, Immanuwel, Allah na tare da mu. Bakina na faɗa, zuciyata ba ta jin daɗinsa. Fasto ya gayyace ni gidansa, amma kunyar zama kaya a kan iyalin wani ta hana ni.

Ku da kuka taɓa shiga wannan hali, me kuka yi da sa'o'in nan daga azahar zuwa dare?