Wace Hausa za mu ba "role play"?

Jama'a, a taimaka da kalma. Ina fassara takardar wani darasi na ɗa'ar aiki ga ɗaliban injiniyanci, sai na cije a kan role play.

Ga yadda darasin yake. Ana raba ɗalibai su sake zaman taron daren 27 ga Janairu 1986, jajibirin harba kumbon Challenger a Amurka. Ɗaya ya zama Roger Boisjoly, injiniyan kamfanin Morton Thiokol da ya dage cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar zai sandare saboda sanyi. Ɗaya ya zama jami'in NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai matsa lamba a harba. Ɗaya kuma Bob Lund, babba a sashen injiniyoyin kamfanin, wanda aka ce wa ya cire hular injiniya ya sa ta manaja, ya kuwa sa, ya amince a harba. Washegari kumbon ya tarwatse bayan sakan 73 da tashi, mutum bakwai suka mutu. Shi ɗalibin da aka ba Lund ba a ba shi komai ya haddace. Kujerar kawai ake ɗora shi, a matsa masa, a ji abin da zai fito daga bakinsa.

Nan ne "wasan kwaikwayo" ya gaza mini. Da ka faɗa, ɗalibi ya hango dandali da 'yan kallo da labari rubutacce, ga mai ba da umarni. A nan kuwa babu wanda ya san ƙarshen zaman, har malamin.

"Taka rawa" kuma gidajen rediyo sun riga sun cinye ta, ta koma ba da gudummawa.

Na ɗan yi sha'awar wasan gauta, inda matan fada ke fitowa a sarki da hakimansa har sarkin ya ga halinsa a jikinsu. Kusa ƙwarai. Sai dai gauta tana kwaikwayon mutum ne, tafiyarsa da muryarsa, mu kuwa ba ruwanmu da muryar Lund. Nauyin da ke wuyansa muke so yaro ya ɗauka.

Don haka na tsaya kan aro. "Aron hula" ta fi daɗi a baki, ta kuma dace da labarin, amma ka ce hula a Kano ka ga yadda aji zai koma siyasa. "Aron baki" na mai cin albasa ne. Saura "aron matsayi".

Na gwada ta a jimla: "Gobe akwai aron matsayi, kai ne manaja, ke ce injiniya." Ta zauna. Aikatau ma ya fito da kansa: ya ari matsayin manaja, ta ari na mai bincike. Kuma kowa ya san abin aro mayarwa ake yi, in an tashi daga aji ba wanda zai riƙe abokinsa da laifin Lund.

Ita na rubuta a takardar, da fensir. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka gaji jeu de rôle daga Faransanci, me malamanku ke cewa da Hausa?