Dillali ko wakili? Sunan mai kai littafi gun kamfani

Malamar Gusau: Assalamu alaikum. A Ingila da Amurka manyan kamfanonin buga littattafai ba su cika karɓar rubutu daga hannun sabon marubuci ba. Akwai mutum a tsakani, Turawa na ce masa "litarari ejan". Shi zai karanta, ya sa a gyara, ya kai wa edita, ya yi ciniki, ya duba yarjejeniya. Yaranmu masu rubutu da Turanci suna ta tambaya a kansa. Wane suna za mu ba shi?

Na Anka: Malama, ai dillali ne. Ba shi da albashi sai la'ada: kashi 15 cikin ɗari in an sayar a ƙasarsa, 20 in haƙƙin fassara ne ko wata ƙasa. Dillalin adabi, shi ke nan. Ejan kam a bar wa 'yan zaɓe da 'yan tasha.

Baban Ƙaura: Ɗana, lissafinka daidai ne, sunan ne bai zauna ba. Je ka tsaya a kara ranar kasuwar Shinkafi. Dillali na riƙe da igiyar sa, yana lallashin mai saye, yana lallashin mai sayarwa, wani lokaci ya ci nan ya ci can. Wannan kuwa na marubuci ne shi kaɗai, kamar wakilin ango a wurin ɗaurin aure. Kamfani zai biya ta hannunsa, ya cire la'adarsa, ya miƙo saura. Kwabo ba ya fita daga aljihun marubuci. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗin karatu ko na rajista kafin a sayar, ɗan damfara ne. Tsorona shi ne in muka ce dillali, yaro zai ga biyan kuɗin goro ba laifi ba ne. Ni wakilin marubuci na zaɓa.

Na Anka: Na sallama, Baba. Mu riƙe "la'ada" dai.

Malamar Gusau: Madalla. Saura takardar farko da ake aika masa.

'Yar Mafara: Wasiƙar sallama, Malama, tunda a bakin ƙofa mutum yake. Shafi ɗaya ce: sunan littafi, nau'insa, yawan kalmomi, sai labarin a sakin layi biyu. Ana haɗa ta da taƙaitaccen labari wanda ya faɗi har ƙarshe, da babi uku na farko ko abin da wakilin ya nema. Kada a aika littafin da ba a gama ba. Littafin labarin da aka rubuta don manya yakan kai kalma 70,000 zuwa 100,000. In ya ninka haka, da yawa ba za su buɗe shi ba.

Ƙin karɓa ma ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa nake son kowanne da sunansa. Akwai shiru, wanda bayan mako 8 zuwa 12 a'a ne. Akwai amsar gama-gari, wadda ake tura wa kowa. Akwai a'a mai dalili, inda ya nuna wurin da labarin ya yi sanyi. Sai gyara-ka-dawo, wadda ƙofa ce a buɗe, amma wasu don zafin rai sai su ɗauke ta kora.

Baban Ƙaura: Haka ne, 'yata. Kuma a riƙa aikawa kashi-kashi, wakilai takwas ko goma, kada a watsa wa ɗari rana ɗaya. In babu wanda ya nemi cikakken littafi, a koma kan wasiƙar da shafukan farko. In sun nema sannan suka mayar, ciwon yana tsakiyar labari. Ba a mayar da martani, sai godiya.

Malamar Gusau: Mun tsaya a kan wakilin marubuci, la'ada, wasiƙar sallama da gyara-ka-dawo. A kuma gaya wa yaran cewa kamfanonin gida irin su Cassava Republic da Masobe kan buɗe ƙofa lokaci-lokaci, su karɓa ba tare da wakili ba.