Katin yaron guda ɗaya ne tak: in aika ta gidan waya ko in kai shi fili?

Baban Khalifa, Bronx:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar katin besbol, wato katin da ke ɗauke da hoton ɗan wasa. Ɗana shekararsa 11, a nan aka haife shi, kuma tun da muka dawo kusa da titi na 161, inda filin kulob ɗin besbol na Yankees yake, ba shi da zance sai nasu. Na yi masa alkawari in ya haddace izu biyar zan nemo masa sa hannun Aaron Judge, tauraron Yankees, a kan katinsa. Makon jiya malaminsu ya saurare shi, ya cika nasa, saura nawa. Katin na kamfanin Topps ne na 2017, da kuɗin barka da sallarsa na shekara biyu ya saya, kuma shi ke nan gare shi. Hanya uku na gani: in sa a ambulan in aika, ko in jira Afrilu mu je fili mu tsaya bakin raga, ko mu sauka Tampa ta jihar Florida a Fabrairu lokacin da Yankees ke atisaye a can. Dala 400 na ware, kuma tasi nake ja, ranar da ban fita ba babu ko sisi. Wanne ya fi?

Ɗan Zangon Kumasi:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa yaro albarka. Ni dai a ƙofar otal na taɓa dacewa. A 2014 da Black Stars na Ghana suka zo Miami kafin kofin duniya, wasan da suka ci Koriya ta Kudu 4 da nema, mutum shida suka sa mini hannu a riga ɗaya. Ka nemo otal ɗin da 'yan wasa ke sauka kawai. Amma tsakani da Allah, me ya hana ka koya masa ƙwallon ƙafa?

Malam Sani, Columbus:
Ɗan Zango, 'yan Yankees a gidajensu suke kwana in suna New York, wane otal kuma? Baban Khalifa, shekara takwas ke nan ina aika kati ta gidan waya, bari in faɗa maka yadda ake yi. Ambulan biyu za ka nema, babba da ƙarami. A kan ƙaramin ka rubuta adireshinka ka manna kan sarki, ka sa shi cikin babban tare da katin da 'yar wasiƙa. Wasiƙar yaron ne zai rubuta da hannunsa, layi biyar ko shida sun isa, ya faɗi wasan da ya fi burge shi. Kan sarki biyu ke nan, zuwa da dawowa, santi 73 kowanne. Kada ka sa katin a roba mai tauri, wasu ba sa wahalar zarowa, a kan robar suke sa hannu.

Sai dai ka san wa kake aika wa. Tsofaffin da suka yi ritaya su ne masu amsawa. Marigayi Carl Erskine, mai jifa na Brooklyn Dodgers, yana da shekara casa'in da ɗoriya ya dawo mini da nawa daga Anderson ta jihar Indiana, rubutu tsaf kamar na malamin makaranta. A Afrilun 2024 ya rasu yana da 97, ranar sai da na ciro katin na daɗe ina kallo. Amma Judge, mutumin da ya buga ƙwallo 62 waje a 2022, wasiƙunsa buhu-buhu ne. Ƙa'idata ɗaya ce: katin da ba zan iya jure ɓatansa ba, ba ya shiga ambulan.

Abba Jersey:
Kawu Sani, kan sarki ya koma 78 a Yulin 2025.

Malam Sani, Columbus:
Ni 73 na saya.

Abba Jersey:
Saboda Forever ka tara tun bara, Kawu, kan sarkin da ke aiki ko kuɗi ya tashi. Je gidan waya gobe ka gani.

Maman Ilham, Greensboro:
Ni da yarana uku wasan Grasshoppers muke zuwa, ƙaramin kulob ne da ke ƙarƙashin babban kulob ɗin Pirates na Pittsburgh. Tikiti bai kai dala 15 ba, kuma in ka shiga da wuri 'yan wasan da kansu suke zuwa bakin katanga. Abin da na koya da tsada shi ne sababbin katunan nan masu sheƙi ba sa riƙe tawada, tsayawa take yi ɗigo-ɗigo kamar ruwa a ganyen gwaza. Ilham ta yi kuka ranar da babban yatsanta ya shafe rabin sunan. Tun daga nan, daren da za mu je sai in barbaɗa hodar jarirai a kan katin, in murza da yatsa, in goge da ƙyalle mai laushi har sheƙin ya ɗan mutu. Makar Sharpie shuɗiya za ka riƙe, sabuwa. In kuma ƙwallo ce, biro ake amfani da shi, maka tana narkewa cikin fata.

Alhaji Mai Goro, Harlem:
Ku dakata in ba ku labari, ko wani zai tsira. A 2016 na ɗauko wani fasinja, hira ta yi hira ya ce yana da shagon kayan wasanni. Na bi shi wata Lahadi. Ya buɗe akwatin gilashi da mabuɗi, ya ciro katin wani babban ɗan wasa da ya daɗe da rasuwa, sa hannu raɗau, ga takardar shaida da hatimi mai ruwan zinare. Ya ce dala 900, muka daidaita a 650. Kuɗin adashina ne, na ɗauka a watan. Ban ma san wasan ba, an dai ce mini abin kamar fili ne, ajiye shi ake yi yana tashi. Shekara shida yana cikin jakar da nake ajiye fasfo.

A 2022, watan da aka yi ta labarin an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 dala miliyan 12.6, a watan Hajiyarmu ta kwanta a gida, aka ce sai an yi aiki. Na ɗauko katin na kai wa mai saye. Ya ce sai an tantance. Na biya kuɗin tantancewa dala 150, na jira mako bakwai, ƙannena suna ta kira. Amsa ta zo layi ɗaya: ba hannunsa ba ne. Mai sayen ya nuna mini da madubin ƙara girma inda biron ya tsaya ya sake tashi a tsakiyar harafi, ya ce mai sunan ba ya tsayawa a nan, mai kwaikwayo ne ke tsayawa ya duba. Na koma shagon, na tarar ana gyaran farce a ciki. Sai da na ci bashi wurin mutum uku. Hajiya ta tashi, alhamdu lillahi, amma ni har yau in na ga katin nan zuciyata tafasa take yi. Yana nan, na kasa jefarwa.

Maman Ilham, Greensboro:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ɗan Zangon Kumasi:
Allah ya isa. Takardar shaidar fa, babu lambar waya a jiki?

Alhaji Mai Goro, Harlem:
Akwai. Na kira, wata tsohuwa ta ɗauka ta ce shekara goma tana da lambar.

Malam Sani, Columbus:
Abin da ya sami Alhaji tsohon ciwo ne. FBI sun yi wani bincike mai suna Operation Bullpen daga San Diego a ƙarshen shekarun 1990, suka kama gungun masu buga sa hannun jabu har da takardun shaidarsu. An kama mutanen, amma kayan da suka riga suka sayar suna nan suna yawo hannu zuwa hannu. Shi ya sa masu saye ba sa kallon takarda in ba ta kamfanonin tantance sa hannu irin PSA ko JSA ko Beckett ba ce. Sai dai 150 ta yi yawa, Alhaji, ni dala 20 na biya.

Abba Jersey:
Ba kuɗi ɗaya ba ne, Kawu, ya danganta da sunan wanda ya sa hannun. Naka na ɗan wasan da ba a nema ne. Ni na biya 35 a wani baje kolin kati, nan take suka duba.

Alhaji Mai Goro, Harlem:
Rasidina yana nan. 150, ban da kuɗin aikawa da inshora.

Bazazzagi Mai Uber:
Ni mamakina Bakano irin Alhaji Mai Goro a ce an yi masa wayo a ciniki. Lallai duniya ta zo ƙarshe. Baban Khalifa kuma, in kai ma Bakano ne a ɓoye katin, kafin tawada ta bushe ka kai shi Kantin Kwari.

Alhaji Mai Goro, Harlem:
Bazazzagi, da kai ne da har yanzu kana shagon kana yi wa mutumin godiya.

Baban Khalifa, Bronx:
Alhaji, Allah ya musanya. Amma jama'a ni ba saye zan yi ba, katin yana hannunmu. Akwai wanda ya taɓa zuwa Tampa?

Abba Jersey:
Ni na je a 2023 da abokaina, Yaya. Filin George M. Steinbrenner, kwanakin farko kafin a fara wasannin gwaji. Ƙarfe bakwai na safe mun riga mun tsaya, kuma akwai waɗanda suka riga mu. Kwana biyu na samu sa hannu tara, yawancinsu matasa ne da masu horarwa. Manyan na gan su da idona, kusa sosai, amma ba su tsaya ta ɓangarenmu ba. Jirgi 180 zuwa da dawowa. A filin Bronx kuwa ana buɗe ƙofa awa ɗaya da rabi kafin wasa, ga raga da aka ƙara tsawonta, ga masu duba tikiti a kujerun ƙasa. Gaskiya duk wanda bai taɓa tsayawa a bakin ragar nan ba bai kamata ya ba da shawara ba, wanda ke Ohio yana lasar kan sarki bai san abin da ake ciki ba.

Malam Sani, Columbus:
Abba, ina aika kati tun kana makarantar sakandare. Kai da bakinka ka ce kwana biyu ba ka samu babba ko ɗaya ba, to mece ce shawararka ta fi tawa?

Hajiya Ta Chicago:
Abba, gyara harshenka, sa'an babanka ne. Kuma 180 ɗin nan kai kaɗai ne, ba a makon hutun makaranta ba. Ƙanwata ta duba na tsakiyar Fabrairu zuwa Florida, mutum ɗaya ya haura 300. Ga otal, ga mota. Ga shi azumin 2026 a daidai makon zai kama. Wa zai tsaya da yaro a rana tun asuba da azumi a baki?

Abba Jersey:
Allah ya huci zuciyarka, Kawu Sani. Amma kan sarki dai ba 73 ba ne.

Bazazzagi Mai Uber:
Ku mayar da yaron Mets mana, ɗaya kulob ɗin na New York. Juan Soto ya tsallaka can daga Yankees da dala miliyan 765, yaro ba zai tsallaka kyauta ba?

Maman Ilham, Greensboro:
Abin da ke ɓata mini rai a filayen nan ƙattin da ke zuwa da kundi cike da kati, kowane ɗan wasa guda tara-tara. Na ga wani ya sa gwiwar hannu ya ture yarinya 'yar shekara bakwai, washegari kayan suna intanet ana sayarwa. Su suka sa manyan 'yan wasa suke ɗari-ɗari. Baban Khalifa, in za ka je, yaron ne zai riƙe katin da maka a buɗe, kai ka tsaya bayansa ka tare masa.

Malam Sani, Columbus:
Akwai hanya ta huɗu. Ku sayi kati mai arha na dala biyu ko uku na Judge ɗin, ku aika wannan ta adireshin kulob a Tampa farkon Fabrairu, na 2017 ya zauna a gida. In ya dawo, madalla.

Ɗan Maraɗi, Bronx:
In ya dawo ina? Malam Sani, ka san akwatunan wasiƙa na benayenmu kuwa? Namu wata biyar ke nan ƙofarsa a ɓalle, duka jerin, kowa ya shigo zaure sai ya zura hannu. Na gaya wa mai kula da gidan ya fi sau goma, kullum gobe. Yarona ya aika wa wani tsohon ɗan wasa kati, muka tsinci ambulan ɗinmu a yage a bayan matakala, da rubutun yaron a jiki, babu komai ciki. Mutumin ya amsa, ɓarawo ya ci.

Hajiya Ta Chicago:
Kati ma da sauƙi. Ni wasiƙar ranar ganawa ta takardun zama ta mijina aka ɗauke. Ba mu sani ba sai da ranar ta wuce, lauya ya ci kuɗinmu kafin a sake ba mu wata.

Alhaji Mai Goro, Harlem:
Cak ɗin haya na jefa a akwatin bakin titi, aka kamo shi da zare da danƙo, aka wanke sunan aka rubuta wani. Shi ya sa suka mayar da bakin akwatunan ɗan siriri. Ni yanzu sai na shiga cikin gidan waya na miƙa hannu da hannu.

Ɗan Maraɗi, Bronx:
Mun kira 311, lambar kai ƙorafi ta birni, sau biyu. Mu goma sha ɗaya ne 'yan Afirka a benen, na ce mu haɗu mu rubuta takarda ɗaya mu sa hannu, mutum huɗu suka ce ba sa son sunansu ya shiga ko'ina. Na fahimce su, amma har yaushe?

Bazazzagi Mai Uber:
Ku kama akwati a gidan waya, ni 90 nake biya wata shida.

Ɗan Maraɗi, Bronx:
A wane gari? Nan na tambaya, ya fi haka nesa, kuma sai ka shiga layi.

Baban Khalifa, Bronx:
Namu akwatin ma makullinsa wasa yake yi, ban taɓa kawo shi a lissafi ba sai yanzu. Khalifa yana gefena yana karanta abin da kuke rubutawa, ya ce a tambayi Maman Ilham ko hodar ba za ta ɓata katin ba, don shi ba ya son sheƙin ya mutu. Ɗan Maraɗi, a wane titi benenku yake? Kar dai mai gida ɗaya gare mu.

Ɗan Maraɗi, Bronx:
Duba saƙonka, na turo maka. In shi ne, kawo naku mutanen mu haɗa takardar.