Sayo gogaggen ɗan tsaron cikin fili a ƙwallon besbol: abin da mahawara ta tsayar

Da Yuli ya doshi ƙarewa, lokacin rufe musayar 'yan wasa a gasar MLB ta Amurka, gardama ke tashi kan ko ya dace ƙungiya ta ba da matasanta ta sayo gogaggen ɗan tsaron cikin fili. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara duba matsayin ƙungiya a teburin gasa. In ƙungiya na hangen kofi, a saya.

Sun kawo misalin Kansas City Royals a 2015. Ta ba Oakland matasa biyu masu jifa, ciki har da Sean Manaea, ta karɓi Ben Zobrist mai shekara 34. Aka ɗora shi a tsaron tasha ta biyu ta cikin fili, a shekarar ƙungiyar ta ci World Series, wato zagayen ƙarshe na cin kofin MLB. Kaka na ƙarewa ya koma Chicago Cubs, amma buƙata ta riga ta biya.

Masu taka-tsantsan suka tuno da Los Angeles Dodgers a 2018: mutum biyar ta bayar kan ɗan tsaron cikin fili Manny Machado, Boston ta doke ta a wasan ƙarshe, shi kuma ya wuce San Diego.

Ni shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a duba ƙafar ɗan wasa kafin sandar bugunsa. Wasa 162 ake bugawa a kaka, kuma tsoho kan ci gaba da bugu bayan gwiwa ta daina kai shi ga ƙwallon da ke gangarowa ta gefensa.