Wai Turawa ne suka gano Ali Farka Toure?

Mai Jita: Wallahi yau an ɓata min rai. Na ɗauko abokaina a mota na sa musu Ali Farka Toure, ko minti biyu bai yi ba ɗaya ya ce dan Allah in cire wannan kiɗan barci. Mutumin da ya kwaso kiɗan gargajiyar arewacin Mali ya ɗora a kan jita har mutanen Amurka suka ce wannan ai blues ɗinsu ne, ya ci lambar yabon kiɗa ta Grammy, shi ne kiɗan barci? Ni dai na faɗa, Afirka ba ta taɓa yin makaɗin jita kamarsa ba, kuma da Turawa ba su gano shi ba da har ya mutu ba mu san darajarsa ba.

Baba Tsoho: Yaro gyara bakinka. Gano shi? Ɓata ya yi? Tun shekarun 1970 yana aiki a gidan rediyon Mali ana jin kiɗansa, ana buga faifansa a Faransa, mutanen garinsu Niafunke sun san shi tun ubanka bai fara sa wando ba.

Mai Jita: Haba Baba, me ya kawo mahaifina cikin zancen nan?

Baba Tsoho: Misali ne.

Uwar Biyu: Amma Baba kalmar ba ta yi laifi ba fa. Kamfanin World Circuit na Landan sai da suka tura mutum har Bamako, aka yi cigiyarsa a rediyo kafin aka same shi. To wanda aka yi cigiyarsa aka same shi ba gano shi aka yi ba?

Baba Tsoho: 'Yata, in kin je garin da ba ki sani ba kina cigiyar gidan sarki, ke ce kika ɓata, sarki yana nan inda yake.

Ɗan Boko: Irin maganar nan ce aka koya mana a makaranta, wai Mungo Park ne ya gano kogin Neja alhali masunta na cikinsa da jirage. Kogin nan kuwa shi ne ya bi ta Niafunke ɗin. Kai Mai Jita har yanzu mulkin mallaka bai sake ka ba.

Mai Jita: Ikon Allah, ni da na zo kare mutum na koma ɗan koren Turawa.

Kanta: Ku ajiye son rai, shi ma ai John Lee Hooker, makaɗin blues ɗin nan na Amurka, ya gano. Ku saurari yadda yake tsayawa a kan layi guda yana ta maimaitawa, sak irin na Hooker. Kwaikwayo ne aka sa masa rawani.

Uwar Biyu: Kanta ka ji tsoron Allah. Kafin ya taɓa jita yana kaɗa njarka, wani ɗan goge mai tsirkiya ɗaya, kuma wannan maimaicin da kake cewa daga nan yake. Da Songhai da Fulatanci da yaren Buzaye yake waƙa. Hooker ya iya Fulatanci ne?

Kanta: Hajiya yare daban hannu daban.

Ɗan Boko: Shi kansa matsayinsa kullum shi ne blues daga wajensu ya tashi, bayi ne suka tsallaka da shi. Har Martin Scorsese ya sa shi a fim ɗinsa na tarihin blues a 2003 saboda wannan zancen.

Kanta: To ka gani, ka koma kafa hujja da Bature.

Na Gidan Gona: Ni tambaya ta daban, gaskiya ne Farka jaki yake nufi?

Uwar Biyu: Gaskiya ne. Shi ne ɗa na goma, 'yan uwansa da suka riga shi duk sun rasu suna ƙanana, shi ya rayu, aka laƙaba masa sunan don taurin rai da naci.

Baba Tsoho: Ku daina kiran mamaci da jaki, babu ladabi.

Na Gidan Gona: Baba a jikin faifansa aka rubuta, ɗansa Vieux ma da sunan yake yawo duniya.

Mai Jita: Jama'a har yanzu ba wanda ya ce min akwai wanda ya fi shi jita ko babu.

Ɗan Boko: Grammy biyu dai ya ci.

Uwar Biyu: Uku. Faifan Talking Timbuktu shi da Ry Cooder, sai In the Heart of the Moon da Toumani Diabate, ya rasu a 2006, na ukun bayan rasuwarsa aka bayar.

Ɗan Boko: Wanda bai riƙe da hannunsa ba ba na ƙirga shi.

Kanta: Kuma duka ukun da wani a gefensa, ina shi kaɗai ɗin?

Baba Tsoho: To ya isa haka, a matsayina na babba bari in taƙaita. An tashi a kan cewa babu wanda ya gano Ali Farka, Turawa ne suka makara. Mutumin da ya koma gona a Niafunke har ya zama magajin gari a 2004 ba ya jiran tafin kowa. Maganar Kanta ba ta samu ko mutum ɗaya ba, an yi watsi da ita. Uwar Biyu ta amince da ni. Mai Jita zai janye kalmarsa.

Uwar Biyu: Baba yaushe na amince?

Mai Jita: Ni ban janye komai ba, kuma gobe ma shi zan sa musu a motar.