Shekara 17 ba ta fara al'ada ba, an ce babu mahaifa

Maman Hanifa, Kawo:
Assalamu alaikum. 'Yar yayata ce, shekararta 17, ƙirjinta ya cika amma ba ta taɓa ganin jini ba. An yi hoton ciki, an ce ba a ga mahaifa ba. Dattawan gida suna cewa a kira wanzami. Don Allah masana, me ke kawo haka?

Likitan mata:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada wanzami ya taɓa ta. Yankan gishiri ba zai fito da jinin da babu mahaifar da za ta zubar da shi ba, sai dai ya huda mafitsara a koma jinyar yoyon fitsari.

Ku lura da gashin mara da na hammata. In suna nan yadda aka saba, an fi zaton matsalar da ake kira MRKH: kuromosom ɗinta (ƙwayoyin gado masu tantance jinsi) XX ne irin na mata, ƙwayayen haihuwarta lafiya, mahaifar ce ba ta ginu ba. A duba ƙoda ma, don wasu da guda ɗaya ake haifarsu. In kuwa gashin babu ko ɗan kaɗan ne, balle an taɓa yi mata aikin ƙaba tana ƙarama, sai a yi tunanin wata matsalar da ake kira CAIS. A nan kuromosom XY ne irin na maza, akwai 'ya'yan maraina ɓoye a ciki ko a matsematsi, amma jiki ba ya jin sinadarin maza ko kaɗan, yana ma juya shi ya zama istirojin, wato sinadarin mata. Shi ya fito da nonon. Mace ce, haka ta tashi, haka za ta ci gaba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ku nemi a tura ku asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Gwajin kuromosom shi ke raba gardama, tare da auna testostiron (sinadarin maza) da LH da FSH (sinadaran da ke sarrafa balaga da haihuwa). CAIS ta wajen uwa aka fi gadonsa, don haka a duba ƙannenta mata.

Nas, Tudun Wada:
Hajiya, in CAIS ne ba a gaggawar aiki. Yawanci sai balaga ta kammala ake shawarar cire marainan saboda gudun ciwon daji, kuma da yardarta. Bayan an cire, dole ta riƙa shan istirojin har wajen shekara 50, in ba haka ba ƙashi zai yi rauni.

Aure yana yiwuwa. Gaban kan zama gajere, ana faɗaɗa shi da robar da asibiti ke bayarwa, kullum minti 20 zuwa 30 na wasu watanni, daga ƙarama zuwa babba. Ciki ne ba za ta ɗauka ba. Likita ya zauna da ita ya yi mata bayani a asirce, kada ta tsinci maganar a bakin dangi.